Tambayoyi da Amsoshi a Kan Linzami: Wanne Ya Dace da Bakin Dokinka, Kuma Ko Mai Tsada Ya Cancanci Kuɗinsa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu dawaki a Zariya, musamman idan Sallah ta ƙarato ana fito da kayan hawa ana kakkaɓewa, ko kuma idan wani ya ga linzamin ƙasar waje a intanet da farashin da ya sa shi tunanin ko akwai wani sirri a cikinsa. An fara da abin da ya kamata kowane mahayi ya sani, sannan aka gangara zuwa batun awo, ƙarfe da kuɗi.

A ina linzami yake zama a bakin doki, kuma me yake taɓawa?

Tsakanin haƙoran gaba da doki yake tsinkar ciyawa da su da turamen da yake tauna da su akwai giɓi a kowane gefe, inda babu komai sai dasashi shimfiɗe a kan ƙashin muƙamuƙi. A nan linzami yake kwanciya, bisa harshe. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, kuma babu tsokar da za ta kare ƙashin, saboda haka abin da mahayi yake ɗauka ɗan ja ne kawai, doki yana jin sa sosai. Ingarma yana da fiƙa a cikin wannan giɓi, wadda take fitowa yana da shekara 4 zuwa 5, yawancin goɗiyoyi kuwa ba su da ita.

Wuraren da linzami yake iya matsawa su ne harshe, dasashi, gefen leɓe, ganɗa, ƙarƙashin haɓa, da bayan kunnuwa inda maɗaurin kai ya ratsa. Bambancin da ke tsakanin wannan linzami da wancan bai wuce abu uku ba: wane wuri ya fi matsawa, da wane irin ƙarfi, kuma yaya saurin sakinsa yake idan mahayi ya sassauta hannu. Na ukun ne aka fi mantawa da shi, alhali doki ba daga ja yake koyon biyayya ba, daga sakin da ya biyo bayan ja yake gane cewa ya yi daidai.

Linzami iri nawa ne? Na ga sunaye barkatai a shagunan intanet.

Sunayen suna da yawa, amma gida biyu ne. Na farko shi ne linzami mai zobe, wanda ake ɗaura kamazuru, wato igiyar da mahayi yake riƙewa, a zoben da ke daidai gefen baki. Duk ƙarfin da hannu ya ja, shi ne yake isa bakin doki, babu ƙari. Na biyu shi ne linzami mai ƙafafu, wanda sandunan ƙarfe biyu suke saukowa daga gefen baki, a ɗaura kamazuru a ƙarshensu, sannan a ratsa sarƙa ko fata ko zoben ƙarfe a ƙarƙashin haɓa. Idan aka ja, ƙafafun suna juyawa baya, muƙamuƙin ƙasa ya shiga tsakanin ƙarfen baki da abin da ke haɓa, kamar yadda awartakin maƙeri yake damƙe ƙarfe.

Tsawon ƙafafun ne yake ninka ƙarfi. Idan ɓangaren da ke ƙasa da baki ya ninka na sama sau uku a tsawo, to jan kilo 2 a hannu yana isa bakin doki da nauyin kilo 6 zuwa 8. Wannan ne ya sa hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta ƙayyade cewa a gasar horon doki tsawon ƙafar linzami daga baki zuwa ƙasa kada ya wuce santimita 10. Duk sauran sunayen da kake gani rassa ne na waɗannan gidaje biyu, ko kuma haɗin gambizarsu, kamar na 'yan folo da aka yi bayani a ƙasa.

Linzaminmu na gargajiya fa? Gaskiya ne ya fi na Turawa zafi?

Linzamin da maƙeranmu suke ƙerawa ɗan gidan masu ƙafafu ne, kuma danginsa suna nan a Arewacin Afirka, har ma da wasu ƙasashen Latin Amurka inda ƙirar ta isa ta hanyar Sifaniyawa. Ƙarfen bakinsa guda ne, da tudu mai tsawo a tsakiya, kuma a jikin wannan tudun aka maƙala zoben ƙarfe wanda yake zagaye muƙamuƙin ƙasa ya zauna a bayan haɓa. Idan aka ja, abu uku suke faruwa a lokaci guda: tudun ya tashi ya tokari ganɗa, ƙarfen ya danna dasashi, zoben kuma ya matse haɓa. Tun da zoben ƙarfe ne ba fata ba, ba ya miƙewa ko kaɗan. Don haka amsar ita ce e, yana cikin linzamai mafiya ƙarfi da ake amfani da su a duniya.

Sai dai a yi masa adalci. An ƙera shi ne don mahayin da yake riƙe da kamazuru a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da mashi ko takobi, wanda kuma yake bukatar doki ya taho a sukwane ya tsaya cak a taku biyu ko uku. Wannan shi ne abin da ake gani har yau a ƙofar fadar Zazzau lokacin jafi. Linzami irin wannan ana hawa da shi ne da sakakken kamazuru, a juya doki da jingina igiya a wuyansa da motsin ƙafa da zama, sai lokacin tsayawa a ɗan taɓa shi a saki. Duk wanda ya lura da tsofaffin mahaya a Hawan Daushe ko Hawan Bariki zai ga igiyar tana lilo a ƙarƙashin wuyan doki, hannun yana ƙasa kusa da ƙwacciyar sirdi, dokin kuma bakinsa a rufe yana ɗan tauna ƙarfen cikin natsuwa.

Ɓarnar tana zuwa ne idan ya faɗa hannun wanda yake rataye nauyinsa a jikin kamazuru don kada ya faɗi, ko yaron da yake fizga don doki ya miƙe a kan ƙafafun baya a yi masa tafi a hawan angwanci. A nan ne ake ganin baki a wangale, harshe ya yi duhu, kumfa ta sauya launi zuwa ja. A ganina jini a bakin doki ba alamar zafin doki ba ne, kuma ba ado ba ne, rauni ne da ya kamata mai doki ya ji kunyarsa ya sauka ya duba.

Tsakanin mai gaɓa ɗaya, mai gaɓa biyu da miƙaƙƙe, wanne ya fi sauƙi a baki?

Mai gaɓa ɗaya a tsakiya shi ne ya fi yawa kuma ya fi araha. Idan aka ja kamazuru biyu tare yana naɗewa, ya matsa gefen harshe da dasashi, kuma a bakin dokin da ganɗarsa ba ta da zurfi gaɓar tana iya taɓa sama. Mai gaɓa biyu yana da ɗan guntun ƙarfe a tsakiya, ko dai falle ko kuma mai siffar ƙwallon dabino, wanda yake kwanciya a kan harshe ya raba matsin, kuma dawakai da yawa sun fi karɓarsa. Miƙaƙƙe, wanda ba shi da gaɓa sai 'yar lanƙwasa, ba ya motsi a baki, yana dacewa da dokin da yawan motsin ƙarfe yake damunsa, amma yana dora nauyi a kan harshe, kuma jan gefe ɗaya ba ya fita sarai kamar a mai gaɓa.

Babu wanda ya fi sauran a kowane baki. Doki mai kaurin harshe yana iya ƙin miƙaƙƙe, wani kuma ya ƙi mai gaɓa biyu don ba ya son abin da ya kwanta masa a tsakiyar harshe. Abin da za a guje wa kwata-kwata shi ne ƙarfen da aka murɗa kamar igiya, da siririyar waya, da sarƙa a cikin baki, domin waɗannan yanka suke yi.

Siffar zoben gefe tana da wani muhimmanci?

Tana da shi, amma bai kai na ƙarfen ciki ba. Zobe mai yawo a cikin rami yana ba doki damar motsa linzami da harshensa, sai dai yana iya tsunkule gefen leɓe idan ramin ya faɗaɗa ko linzamin ya yi kaɗan. Zoben da aka haɗe da ƙarfen baki, mai siffar ƙwai ko mai siffar harafin D, ba ya tsunkule kuma ya fi zama wuri ɗaya. Mai dogayen sanduna sama da ƙasa a gefen kumatu yana taimaka wa sabon doki ya gane juyawa, kuma ba ya zamewa ta cikin baki idan aka ja gefe ɗaya.

An ce mai kauri ya fi tausayi, siriri ya fi zafi. Haka ne?

Rabin maganar gaskiya ne. Siririn ƙarfe yana tara matsi a ƙaramin wuri, don haka ya fi ciwo. Amma sararin da ke tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa a wurin da linzami yake zama bai cika wuce kaurin yatsu biyu ba, kuma harshe ya riga ya cike mafi yawansa. Idan aka cusa ƙarfe mai kauri sosai, doki ba zai iya rufe bakinsa da kyau ba.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan aka buga a 2021 ya duba bakin dawakai 208 bayan gasar tsallake shingaye a fili, aka sami sababbin raunuka a bakin kashi 52 cikin 100, kuma waɗanda aka sa wa siriri ko mai kauri sosai sun fi samun rauni mai tsanani a kan waɗanda aka sa wa matsakaici, wato milimita 14 zuwa 17. Abin lura shi ne waɗannan dawakai ne na masu hali, da kayan hawa na kamfanoni, amma duk da haka fiye da rabinsu sun ji ciwo. Dawakanmu na gida da waɗanda ake kawowa daga Nijar da Chadi ba su kai na Turai girman baki ba, don haka milimita 14 zuwa 16 wuri ne mai kyau na farawa.

Yaya zan auna bakin dokina kafin in saya?

Ka nemi sanda sumul mai kaurin yatsa, ka sa ta a bakinsa a daidai inda linzami yake zama, ka jira ya daina taunawa, sannan ka yi alama a jikin sandar a bakin leɓe na dama da na hagu. Tsawon da ke tsakanin alamun biyu shi ne faɗin bakinsa. Idan zobe mai yawo za ka saya, ka ƙara kimanin rabin santimita a kowane gefe don kada ya tsunkule shi. Idan haɗaɗɗen zobe ne, ya zauna dab da leɓe ba tare da ya matse ba. Kamfanoni suna sayarwa da awon santimita 11.5, 12.5, 13.5 zuwa sama, ko inci 4.5, 5 da 5.5. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sayen wanda aka yi don manyan dawakan Turai, ya yi wa namu faɗi, ya riƙa zamewa dama da hagu, gaɓarsa tana gogar dasashi.

Bayan faɗi sai tsayi. A ɗaga maɗaurin kai har gefen leɓe ya yi 'yar tattara ɗaya ko biyu. Idan ya sauka ƙasa sosai zai riƙa bugun fiƙar ingarma, kuma doki zai koyi ɗora harshe a kansa. Idan mai sarƙar haɓa ne, sarƙar ta kwanta lafe ba a murɗe ba, yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da fata, ta fara kamawa idan ƙafafun linzami sun juya kimanin digiri 45.

Me mutum yake biya a linzami mai tsada?

Sunayen da aka fi ji su ne Sprenger na Jamus, Neue Schule na Ingila, Myler na Amurka, da Bombers na Afirka ta Kudu, wanda 'yan folo suka fi sani da shuɗin ƙarfensa. A Ingila linzami mai zobe na irin waɗannan kamfanoni yana iya kai fam 100 ko ya haura, alhali na ƙarfe marar tsatsa wanda ba shi da babban suna ana samunsa a kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na wannan kuɗi. Idan aka juya zuwa naira aka ƙara kuɗin kawowa, tazarar tana ƙara faɗi.

Abu na farko da ake biya shi ne ƙarfen. Sprenger suna da gaurayen da suka kira Aurigan, wanda kashi 85 cikin 100 nasa jan ƙarfe ne kuma babu nikel a ciki, da wani mai suna Sensogan. Neue Schule suna da Salox. Manufar na Sprenger ita ce ƙarfen ya yi ɗanɗanon da doki zai so, ya sa yawu, ta Salox kuwa ita ce ya ɗauki ɗumin baki da wuri. Na biyu shi ne siffa: lanƙwasar da ta bi tsarin harshe, da ƙwallon tsakiya da aka karkata, kamar na KK Ultra na Sprenger wanda aka juya digiri 45. Na uku shi ne gamawa, wato gaɓoɓi sumul, ɓangarorin biyu daidai wa daida, da awo iri-iri na faɗi da kauri. Na huɗu kuma suna ne da talla, kuma shi ma yana cikin farashin.

To, ya cancanci kuɗinsa ko bai cancanta ba?

Ga mafi yawan masu dawaki a Zariya, waɗanda hawansu bai wuce kilisar yamma, hawan Sallah da rakiyar ango ba, amsata ita ce bai zama dole ba. Tazarar da ke tsakanin linzami marar kyau da linzami mai kyau babba ce, kuma doki yana jin ta a ranar farko. Tazarar da ke tsakanin mai kyau na matsakaicin kuɗi da mai tsadar gaske kuwa ƙarama ce, dawakai da yawa ma ba sa nuna sun ji wani bambanci. Linzamin fam 100 da ya yi wa doki faɗi da santimita ɗaya ya fi cutar da shi a kan na kasuwa wanda aka auna daidai.

Akwai inda kuɗin yake da amfani. Idan an gyara haƙora, an duba baya da sirdi, an gwada siffofi biyu ko uku na masu sauƙin kuɗi, doki bai daina nuna damuwa ba, to wata siffa ta musamman da ba a samu sai a wajen manyan kamfanoni tana iya warware matsalar. Haka kuma dokin da bakinsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, wanda awonsa ba ya samuwa a kasuwa, da dokin da gefen bakinsa yake kumbura idan ya haɗu da ƙarfe mai nikel, da dokin folo da ake hawa kusan kullum a lokacin wasa. Ko a nan ma, a fara aron irinsa a gwada na 'yan kwanaki, bayan an wanke shi kamar yadda aka bayyana a amsar ƙarshe.

Idan kuɗin hannunka ba su isa komai ba, ga yadda nake ganin ya kamata a jera su: likitan haƙori tukuna, sannan sirdin da ba ya cin baya, sannan mai horo nagari da zai gyara hannunka da bakin dokin, sannan linzami. A kuma sani cewa ƙarfe mai yawan jan ƙarfe ya fi marar tsatsa laushi, don haka tsadarsa ba ta nufin ya fi daɗewa, yana ma iya riga shi cinyewa a bakin doki mai yawan tauna.

Mene ne haɗarin mai araha sosai, kuma yaya zan gane mai kyau a kasuwa?

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan abin ya wuce ado. Mafi arahar linzaman da ake shigowa da su baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan ƙyalli. Bayan 'yan watanni ruwan yana ɓanɓarewa ya bar ɓawo mai kaifi da yake yanka leɓe da harshe, wasu kuma ƙarfensu yana lanƙwashewa ko ya karye a gaɓa, wanda babban haɗari ne idan doki yana sukuwa a cikin taro.

Kafin ka biya, ka shafa shi a bayan hannunka ko ka ja auduga a kansa daga zobe zuwa zobe. Duk inda audugar ta maƙale, nan zai ci bakin doki. Ka naɗe shi biyu ka ga ko ɓangarorin sun yi kusan daidai a tsawo da kauri. Ka sa fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni a inda zobe ya shiga rami ka juya zoben, idan ya tsunkule ka zai tsunkule shi. Ka duba wurin walda ko akwai tsaga ko rami. Idan an ce na babban kamfani ne amma farashin ya faɗi ƙasa warwas, ka ɗauka jabu ne. Na hannu kuwa, wanda aka riga aka yi amfani da shi, yana iya zama ciniki mai kyau matuƙar gaɓoɓinsa ba su siranta ba.

Dokina yana kaɗa kai, yana wangale baki, yana fitar da harshe. In canza linzami?

Kafin a canza komai a duba haƙora. Turamen doki suna ci gaba da fitowa kusan duk rayuwarsa, kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara, suna gogar juna suna cinyewa. Da yake muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, gefen waje na turamen sama da gefen ciki na na ƙasa ba sa goguwa, sai su yi tsini. Idan aka ja linzami ko aka ɗaure hanci, kumatu yana matsuwa a kan wannan tsinin. Dokin barga da yake rayuwa a kan dusa da hatsi ya fi na kiwo saurin samun haka. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin haƙori da yake fitowa wa wasu dawakai dab da turmin farko na sama, wanda linzami yake iya bugawa, kuma likita yana iya cire shi. Alamun da suke nuna matsalar haƙori sun haɗa da zubar da dunƙulen ciyawa da aka tauna rabi, fitowar hatsi ɗungum a kashi, da warin baki.

Gyaran ba shi da wuya ga wanda ya iya: ana buɗe bakin da abin buɗewa a goge tsinin da magagari na musamman, sau ɗaya a shekara ga babban doki, fiye da haka ga wanda yake famfara. Mutanen Zariya suna da sa'a a nan, domin asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru. Kada a ɗaure bakin da maɗaurin hanci don ya daina buɗewa, domin hakan ɓoye alamar yake yi, ciwon yana nan. Idan haƙora lafiya lau ne, sai a koma amsar da ke kan awo.

Dokina ba ya tsayawa. Shin in nemi mai dogayen ƙafafu?

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi, kuma ita ce take lalata baki. Linzami mai zafi yana aiki na ɗan lokaci, daga nan doki ya saba da ciwon ko dasashinsa ya yi kanta, sai a nemi wanda ya fi shi, har a wayi gari ana cewa dokin mai taurin baki ne. Wani dokin ma gudun da yake yi daga ciwon yake gudu. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kuma idan aka tanƙware wuyansa har haɓa ta kusa taɓa ƙirji hanyar iska tana ƙuntata, abin da yake ƙara masa firgita.

A duba abincinsa da zamansa. Dokin da ya yi wata guda a turke yana cin gero da dawa ba a motsa shi ba, ranar hawa aka fito da shi cikin kalangu, algaita da ƙarar bindiga, babu ƙarfen da zai sa shi natsuwa. Maganin shi ne fita kilisa a kai a kai tun makonni kafin Sallah, da maimaita tsayawa daga tafiya, sannan daga sassarfa, ana ja a hankali ana saki da zarar ya amsa, har ya zama zaman mahayi da muryarsa sun isa su rage masa gudu.

Linzamin 'yan folo zai yi mini a hawan Sallah?

A filayen folo na Zariya da Kaduna iri biyu aka fi gani. Pelham yana da ƙafafu da sarƙar haɓa da kamazuru biyu a kowane gefe, na sama yana aiki kamar mai zobe, na ƙasa yana ninka ƙarfi. Wanda suke kira gag kuwa igiya ce take ratsa ramukan zobensa daga maɗaurin kai zuwa kamazuru, idan aka ja sai ya hau sama ya ɗaga gefen leɓe ya kuma danna bayan kunnuwa. Pelham mai gajerun ƙafafu matsakaici ne mai kyau ga wanda yake ganin mai zobe bai ishe shi a cikin taro ba, amma ba ya son zafin na gargajiya, da sharaɗin ya koyi riƙe igiya huɗu. Gag ba na sabon mahayi ba ne. Kowanne aka zaɓa, kada ranar hawa ta zama ranar farko da doki zai ɗanɗana shi.

Da wane linzami za a fara wa duƙushi?

A fara da ragama, ya koyi bin ja da tsayawa da juyawa ba tare da komai a bakinsa ba. Daga nan a sa masa mai zobe sumul, haɗaɗɗen gefe, matsakaicin kauri, a bar shi da shi na ɗan lokaci kowace rana kafin a fara ja. Tsakanin shekara 2 da rabi zuwa 5 doki yana famfarar haƙoran nono, bakinsa yana yawan ciwo, don haka wannan ne mafi munin lokacin da za a sa masa na gargajiya. Na roba yana da laushi, amma idan baki ya bushe yana goge leɓe, kuma idan an tauna shi ya yi kaushi sai a jefar.

Idan na fi son na gargajiya, me zan gaya wa maƙeri?

Wannan zaɓi ne mai kyau ga horarren doki da natsattsen hannu, kuma yana da wata fa'ida da kamfanin waje ba zai ba ka ba, wato a ƙera shi a kan awon dokinka. Ka kai masa sandar awon da aka yi bayani a sama. Ka roƙe shi ya rage tsawon tudun tsakiya ya kuma daddaɗe kansa ya zama mulmulalle, ya gajarta ƙafafun, ya bar ƙarfen da zai kwanta a dasashi da kauri kuma zagayayye ba mai kusurwa ba. Zoben haɓa ya zama da sarari yadda yatsu za su shiga idan an saki kamazuru, kuma ana iya kai wa baduku ya naɗe ɓangarensa na ƙasa da fata mai laushi. Ka tsaya a maƙera har a bi ko'ina da magagari, sannan ka yi gwajin auduga kafin ka karɓa.

Baƙin ƙarfe ba aibi ba ne. Kamfanonin waje ma suna sayar da linzamin baƙin ƙarfe da gangan, domin 'yar tsatsar da yake yi tana da ɗanɗanon da dawakai da yawa suke so. Abin da ba a so shi ne tsatsar da ta ci jiki ta yi ramuka. Ado kuwa, na azurfa ne ko na tagulla, a yi shi a waje inda ido yake gani, cikin baki a bar shi sumul.

Yaya ake kula da linzami, kuma yaushe ake yar da shi?

A ɗauraye shi da ruwa duk lokacin da aka cire, kafin yawu da dusa su bushe su yi kaushi, a goge shi ya bushe, a rataye shi inda laimar damina ba za ta kama shi ba. Kada a sa man goge ƙarfe ko man inji a ɓangaren da yake shiga baki. Da hunturu a ɗumama shi a tafin hannu kafin a sa da safe, a kuma shafa ɗan man kaɗanya a gefen leɓen da ya tsage. Idan aro aka yi, ko doki fiye da ɗaya suke amfani da shi, a wanke shi da sabulu da ruwan zafi a ɗauraye sosai, domin cututtukan da suke bin yawu da majina suna yawo daga barga zuwa barga ta wannan hanya, musamman a makon Sallah da dawakan hakimai daga gundumomi suke taruwa a birni.

Sau ɗaya a wata a riƙe shi a haske a duba gaɓoɓi da ramukan zobe. Idan ƙarfen gaɓa ya siranta, ko rami ya faɗaɗa ya yi baki mai kaifi, ko an ga tsaga komai ƙanƙantarta, aikinsa ya ƙare, na maƙera ne ko na Jamus. A wannan lokacin a ɗaga leɓen doki a duba gefen baki, dasashi, harshe da ƙarƙashin haɓa. Idan an ga rauni, a ajiye linzami a koma ragama har ya warke sarai, idan kuma ya yi zurfi ko ya kumbura ko ya wuce mako guda bai rufe ba, a kira likitan dabbobi.